Binciken Furostet: Kada Magidanci Ya Jira Sai Fitsari Ya Tsaya

Duk wanda ya taɓa yin jiyyar ɗan'uwansa a ɗakin kwanciyar maza na wani babban asibiti a ƙasar nan, da wuya ya fito bai ga dattijo kwance da robar fitsari a jikinsa ba. Galibi da tsakar dare ake kawo irin waɗannan bayin Allah, mara ta kumbura, fitsari ya ƙi fita, suna ta juyi saboda azaba. Idan an sa roba an sauke musu nauyin, likita ya zauna ya bi tarihin abin, sai ya tarar matsalar ta yi shekara biyu ko uku tana tafe, mai ita kuwa bai taɓa faɗa wa kowa ba, har uwargidansa. Waɗansu sukan koma gida da 'yan ƙwayoyi su ci gaba da harkokinsu. Waɗansu kuwa a ranar ne za su fara jin cewa ciwon daji ya riga ya bar inda ya tsiro ya kama ƙashin baya. Wannan jinkiri, wanda kunya da rashin sani suke haddasawa, ya isa abin da hukuma da jama'a za su tashi tsaye a kansa.

Tushen yawancin wannan wahala wata 'yar halitta ce da ke jikin kowane ɗa namiji, wadda likitoci suke kira furostet. Girmanta a jikin saurayi bai wuce na ƙwayar goro madaidaiciya ba. Tana zaune a ƙarƙashin mafitsara, a gaban dubura, ta kewaye hanyar da fitsari yake bi ya fita, kuma aikinta shi ne samar da wani kashi na ruwan maniyyi. Sau da yawa akan ji masu ba da labari suna kiran ciwon dajinta da sunan ciwon dajin mafitsara. Wannan kuskure ne da ya kamata a gyara, domin mafitsara ita ce jakar da fitsari yake taruwa a ciki, mace da namiji kowa yana da ita, kuma ciwonta daban ne. Mutumin da bai san sunan abin da ke damunsa ba, da wuya ya san abin da zai nemi a duba masa.

Cututtuka uku ne suka fi kama furostet. Ɗaya kumburi ne da ƙwayoyin cuta kan jawo, wanda yakan zo da zazzaɓi da zafin fitsari da ciwon mara, yana kuma iya kama samari. Na biyu, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne girman da furostet takan ƙara yi yayin da shekaru suka ja. Likitoci sun ƙiyasta cewa wajen rabin mazan da ke tsakanin shekara 51 da 60 suna da shi, a cikin waɗanda suka haura 80 kuwa yakan kai tara cikin goma. Da yake ta kewaye hanyar fitsari, idan ta girma sai ta matse hanyar. Daga nan mutum zai ga yana tashi sau uku ko huɗu cikin dare, ya tsuguna ya daɗe fitsari bai taho ba, in ya taho ba ƙarfi, in ya gama ya ji da saura, ya miƙe kuma ya ji ɗigo a wando.

Wannan girma ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya zama ciwon daji. Akwai ƙwayoyin da suke sassauta hanyar, akwai waɗanda suke rage girman a hankali, in abin ya faskara kuma akan yi aiki, sau da yawa ta hanyar fitsarin kanta ba tare da an tsaga ciki ba. Irin wannan aiki aka yi wa Nelson Mandela a 1985 yana tsare, haka kuma aka yi wa Sarki Charles na Ingila a watan Janairu na 2024, wanda ya yarda aka sanar wa duniya domin sauran maza su je a duba su. Haɗarin yana ga wanda ya ƙyale. Fitsarin da ke kwana a mafitsara yana jawo ƙwayoyin cuta da tsakuwa, yana iya tsayawa ɗungurungum rana ɗaya, kana matsin yana iya komawa sama ya lalata ƙoda, har mutum ya wayi gari yana bukatar wankin ƙoda a kan abin da ƙwaya ɗaya a rana za ta iya tsarewa.

Na uku shi ne ciwon daji, kuma halinsa ya sha bamban da na girman tsufa. Yawanci yakan tsiro ne a gefen furostet na waje, nesa da hanyar fitsari, saboda haka yana iya yin shekaru yana girma mai shi bai ji kome ba. Ya ci, ya sha, ya je gona ko ofis, fitsarinsa lafiya lau. Sa'ad da alamu za su bayyana, kamar ciwon baya da ƙugu wanda ba ya jin magani, da rama ba dalili, da jini a fitsari, da mutuwar ƙafafu, sau da yawa ciwon ya riga ya bazu zuwa ƙashi. A wannan mataki likita yana iya danne shi, ya rage zafi, ya ƙara wa mutum shekaru da yardar Allah, amma raba shi da jiki baki ɗaya ya riga ya wuce.

Daga wannan bayani za a ga kuskure iri biyu da magidanta suke faɗawa ciki. Mai wahalar fitsari yana ɓoyewa don tsoron kada a ce masa ciwon daji ne, alhali kuwa galibi abin da ke damunsa girman tsufa ne mai sauƙin magani. Wanda fitsarinsa ke tafiya daidai kuma ya saki jiki yana ganin ya tsira, alhali kuwa rashin alama bai wanke shi ba. Abin da zai fitar da su duka biyu daga duhu guda ne, watau kowannensu ya kai kansa gaban likita a kan lokaci, ya nemi a duba shi.

Alƙaluma sun nuna girman al'amarin. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a ƙasar Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a 2022 maza wajen miliyan 1.5 ne aka samu da ciwon dajin furostet a duniya, kusan 400,000 kuma suka mutu ta dalilinsa. A Nijeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kowanne kama maza, inda ƙiyasin wannan shekara ya nuna sababbin masu ciwo fiye da 18,000 da mace-mace fiye da 11,000. Ke nan a duk mutum goma da aka gano, ana binne wajen shida. A Amurka, inda ake gano yawancin masu ciwon tun bai bazu ba, mace-macen shekara ba su kai ɗaya cikin shida na sababbin da aka gano ba. Babban abin da ya kawo wannan tazara shi ne lokacin da majiyyaci yake isa asibiti, da kuma abin da yake tararwa idan ya isa.

Kuma abin ƙaruwa zai yi. A watan Afrilu na 2024 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ya ba da rahoto cewa masu kamuwa da wannan ciwo a shekara za su tashi daga miliyan 1.4 a 2020 zuwa miliyan 2.9 a 2040, masu mutuwa kuma daga 375,000 zuwa kusan 700,000, kuma mafi yawan ƙarin zai faɗa ne a kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Dalili kuwa a fili yake. Jama'a suna ƙaruwa, masu kai wa ga tsufa suna ƙaruwa, shi kuwa wannan ciwo ba shi da allurar rigakafi, kuma kyautata abinci da motsa jiki, duk da amfaninsu, ba su isa su tare shi ba. Gano shi da wuri ita ce babbar garkuwar da ke hannu.

Abubuwa uku ne aka tabbatar suna ƙara haɗarin kamuwa. Na farko shekaru, domin ba safai ake ganinsa ƙasa da shekara 40 ba, amma daga 50 zuwa sama sai ya riƙa yawaita. Na biyu gado, domin wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane wajen sau biyu. Na uku kuwa jinsi. Wani lissafi da aka buga a Ingila a 2015 ya nuna cewa a cikin baƙar fata namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da wannan ciwo a rayuwarsa, a cikin Turawa kuwa ɗaya cikin takwas. Saboda haka ne Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka take ba da shawara cewa sauran maza su fara tattauna batun gwaji da likita a shekara 50, baƙar fata da masu gadon ciwon a 45, wanda kuwa fiye da mutum ɗaya a gidansu suka kamu tun da sauran ƙarfinsu ya fara a 40. Duk magidancin ƙasar nan yana cikin rukunin 45, tun kafin a zo batun gado.

Binciken kansa ba wani abin tayar da hankali ba ne. Da farko likita zai yi tambayoyi a kan fitsari da tarihin dangi. Sa'an nan a ɗebi ɗan jini a hannu domin gwajin da ake kira PSA, wanda yake auna wani sinadari da furostet take fitarwa, wanda yakan hau idan wani abu ya taɓa ta. Daga nan, in likita ya ga da bukata, zai sa safar hannu da man shafawa ya taɓa furostet da yatsa ta dubura, ya ji girmanta da laushinta, da ko akwai wani ƙullutu mai tauri. Wannan ba ya kai minti guda. Akan shawarci mai zuwa gwajin jinin ya ƙaurace wa iyali da aikin ƙarfi irin su doguwar tafiya a keke na kwana biyu kafin ranar, kada kuma a yi masa yana cikin ciwon sanyin fitsari, domin duk waɗannan suna iya ɗaga sakamakon. Wanda ke shan maganin rage girman furostet kuma ya faɗa wa likita, domin waɗansu irinsa suna rage awon da kusan rabi.

Wajibi ne a faɗa wa jama'a gaskiya game da iyakar wannan gwaji. A Amurka an amince da shi a 1986 domin bin diddigin waɗanda aka riga aka san suna da ciwon, sa'an nan a 1994 domin neman ciwon a jikin masu lafiya. An daɗe ana ɗaukar lamba 4 a matsayin iyaka, ko da yake likitoci suna duba shekarun mutum kafin su yanke. Amma hawan PSA ba hukunci ba ne. A cikin maza huɗu da awonsu ya hau, wajen uku ba a samun ciwon daji a jikinsu idan an zurfafa bincike, domin girman tsufa da kumburi su ma suna ɗaga shi. Haka kuma akan sami waɗanda awonsu yake daidai amma ciwon yana nan. Saboda haka takardar sakamako ba abin da mutum zai karanta shi kaɗai a ɗaki ya yanke wa kansa ƙauna ba ce. Likita ne zai fassara ta.

Wannan rauni na gwajin ya sa masana a Turai da Amurka sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace a riƙa kiran dukan maza ana gwada su. Wani babban bincike da aka yi a kan maza wajen 182,000 a ƙasashen Turai bakwai, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa gwajin ya rage mace-macen wannan ciwo da kashi 20 cikin 100. Amma ya nuna kuma cewa kafin a ceci rai ɗaya, sai an gwada mutum 1,410, an kuma yi wa ƙarin mutum 48 magani, da yawansu a kan ciwo mai tafiyar hawainiya wanda da an bar shi ba zai taɓa kashe su ba. A 2012 kwamitin da ke ba Amurka shawara kan rigakafi ya ce a daina gwada masu lafiya. A 2018 ya sake shawara, ya ce maza 'yan shekara 55 zuwa 69 kowa ya yanke wa kansa bayan likita ya bayyana masa amfani da illa, waɗanda suka kai 70 kuwa a ƙyale su in ba su da wata alama.

Akwai masu kafa hujja da wannan muhawara su ce tun da Turawa ma ba su daidaita ba, babu dalilin da Nijeriya za ta wahalar da kanta. Wannan hujja ba ta zauna ba. Damuwar waɗancan ƙasashe ita ce suna gano ƙananan ciwo fiye da kima suna yi musu aikin da bai zama dole ba. Damuwar ƙasar nan kuwa ita ce mafi yawan majiyyata suna isa asibitocin koyarwa ne bayan ciwon ya yi nisa. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda aka yi wancan bincike a kansu Turawa ne, waɗanda haɗarinsu bai kai na baƙar fata ba. Darasin da ya dace a ɗauka daga muhawarar shi ne kada a gwada kowa sai an yi masa bayani, kada kuma a gaggauta kai kowa ɗakin tiyata a kan awon jini guda.

Idan awo ya hau, abin da aka saba shi ne a sake gwajin bayan 'yan makonni. In bai sauka ba, inda akwai na'ura akan ɗauki hoton MRI, sa'an nan in hoton ko yatsan likita ya nuna abin zargi, a sa allura a ɗebi 'yan ƙananan tsoka a kai ɗakin bincike. Wannan ne kaɗai yake tabbatar da ciwon daji, ya kuma nuna ko mai zafi ne ko mai sanyi. Ko an tabbatar ma, ba kowa ake yi wa aiki ba. A Ingila an bi maza 1,643 waɗanda aka gano ciwonsu bai bazu ba, aka kasa su uku: waɗansu aka yi musu tiyata, waɗansu aka gasa ciwon da hasken na'ura, waɗansu kuma aka sa musu ido kawai ana gwada su lokaci lokaci. Da aka buga sakamakon shekara 15 a 2023, sai aka ga wajen 97 cikin 100 ciwon bai kashe su ba, ko da wane rukuni suke, ko da yake ya fi bazuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido. Wanda aka gano nasa da wuri yana da zaɓi, yana kuma da lokacin yin shawara da iyalinsa.

Babban abin da ke tsorata maza, ko da ba su furta ba, shi ne batun mazakuta. Tsoron yana da tushe, domin tiyatar cire furostet da gashi suna iya barin mutum da raunin gaba ko yoyon fitsari, waɗansu na ɗan lokaci, waɗansu na dindindin, kuma haƙƙin majiyyaci ne likita ya faɗa masa wannan tun kafin a fara. Amma ya kamata mai gudun asibiti ya san abin da ke jiran wanda ya makara. Tun 1941 likita Charles Huggins na Shikago ya gano cewa wannan ciwo yana rayuwa ne da sinadarin mazakuta da 'ya'yan maraina suke samarwa, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Har yau a kan wannan aka gina maganin ciwon da ya bazu, watau a tsayar da sinadarin da allura, ko kuma a cire 'ya'yan marainan. Ke nan wanda ya guje wa bincike domin tsare mazakutarsa, ya fi kowa kusa da maganin da zai raba shi da ita.

Sai batun kunya. Dattijo mai iyali da surukai yana ganin ƙasƙanci ne ya kwanta yaro sa'an ɗansa ya taɓa shi a wurin da bai kamata ba. Kunya ɗabi'a ce ta kirki, amma malamai sun daɗe da bayyana cewa lalurar neman magani tana halatta wa likita ya duba al'aura gwargwadon bukata, majiyyaci kuma yana da damar neman likita namiji da ɗaki a rufe. Abin lura ma shi ne, magidanta da dama sun fi kowa saurin gane ɗigon fitsari, domin yana taɓa musu tsarki da alwala. Sai su tafi wurin malami su tambayi hukuncin sallar mai yoyon fitsari, su sami amsa, su tsaya nan. Da malamin zai ƙara da cewa, Alhaji, bayan wannan ka je asibiti a duba ka, da an ceci mutane masu yawa.

Wani abin da ke cinye lokacin majiyyata shi ne masu tallar magani a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda suke ɗaura lasifika a kan mota suna danganta kowace wahalar fitsari da sanyi ko basir, suna sayar da gora ɗaya wadda wai tana maganin duka. Mutum zai yi wata shida yana sha, kuɗi suna tafiya, ciwo yana gaba. A karkara kuma, inda aka saba ganin tsargiya tun ana yara, dattijo yakan ga jini a fitsarinsa ya ce ai tsohuwar tsargiya ce ta motsa. Jini a fitsarin wanda ya manyanta abu ne da ba a kwana da shi, domin yana iya zama alamar ciwon furostet, ko na mafitsara, ko na ƙoda. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin suna da hurumin hana tallar ƙarya, kuma ya kamata a ga suna amfani da shi.

Waɗansu manyan mutane na nahiyar nan sun nuna hanya. An gano ciwon dajin furostet a jikin Desmond Tutu a 1997, ya fito ya faɗa, ya yi ta kiran maza su je gwaji, ya rayu har 2021 yana da shekara 90. An gano na Mandela a 2001, aka yi masa gashi, ya rayu har 2013 yana da shekara 95. A Nijeriya, Wole Soyinka ya sanar a 2014 cewa an yi masa maganin wannan ciwo. A ɗaya gefen kuma, a watan Disamba na 2023 Jihar Ondo ta yi rashin gwamnanta, Rotimi Akeredolu, yana da shekara 67, gwamnatin jihar ta kuma sanar cewa wannan ciwo ne sanadi. Ciwon da ya kama shugaban ƙasa da babban limamin coci da gwamna ba abin da talaka zai ɓoye don gudun gori ba ne. Ana bukatar sarakuna da malamai da attajirai na Arewa waɗanda Allah Ya tashi kafaɗarsu daga wannan ciwo su ma su fito su yi magana.

Gwamnatin Tarayya ta ɗauki waɗansu matakai da suka cancanci yabo. A 2021 ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji na mama da na bakin mahaifa da na furostet, aka fara da asibitoci shida, ciki har da asibitocin koyarwa na Zariya da Gwambe. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. A 2023 Cibiyar Bincike da Maganin Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda aka yi dokarta tun 2017, ta fara aiki. Amma har yanzu akasarin 'yan ƙasa daga aljihunsu suke biyan kuɗin magani, na'urorin gashi kaɗan ne, likitocin mafitsara kuma sun taru ne a manyan birane. Alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Babban nauyi yana wuyan Gwamnatocin Jihohi, domin asibitocinsu ne suka fi kusa da jama'a. Ya kamata kowane babban asibiti na jiha ya kasance yana yin gwajin PSA a kan farashin da manomi zai iya biya, a kuma sa shi cikin abubuwan da inshorar lafiya ta jiha take ɗauka ga maza daga shekara 45. Ya kamata a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar dattawan da suka zo awon hawan jini ko ciwon sukari yadda fitsarinsu yake. Mafi muhimmanci, a shimfiɗa hanya sananniya daga ƙaramin asibiti zuwa ga likitan mafitsara, da rana da takarda. Akwai al'adar da ta shigo ta shirya gwajin kyauta na yini ɗaya a filin wasa ko a harabar fada, a ɗauki hotuna, a watse. Niyyar mai kyau ce, amma mutumin da aka miƙa wa takarda aka ce awonsa ya hau, ba a kuma nuna masa ƙofar da zai bi ba, an ƙara masa damuwa ne kawai. Duk mai shirya irin wannan taro tilas ne ya fara yin yarjejeniya da asibitin da zai karɓi waɗanda aka samu da matsala.

Gidajen rediyo, waɗanda dattawan karkara ba sa rabuwa da su, suna da rawar takawa ta hanyar gayyato likitoci masu jin Hausa su yi bayani a sarari cikin ladabi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na 'yan fansho suna iya shirya wa membobinsu bincike sau ɗaya a shekara tare da asibitin garinsu. A cikin gida kuwa, uwargida ita ce ta farko da za ta lura maigida yana yawan fita bayi cikin dare, kuma ta san lafazin da za ta yi masa magana da shi ba tare da ta muzanta shi ba. 'Ya'yan da suka tasa, waɗanda suke saya wa Baba shadda da ragon layya, su haɗa da kuɗin binciken lafiyarsa, su kuma tuna cewa idan an sami ciwon a jikinsa, su da ƙannensa sun shiga sahun waɗanda za su fara gwaji da wuri.

Magidanci shi ne ginshiƙin gida. Idan ya kwanta jiyyar ciwon da ya bazu, gona da shanu da jarin kasuwa sukan tafi wajen neman magani, yara su bar makaranta, daga bisani kuma sau da yawa a rasa dukiyar a rasa mai ita. Kuɗin gwajin jini guda bai kai ko kusa da kuɗin allurar wata ɗaya ta wanda ya makara ba. Hausawa suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Duk namijin da ya kai shekara 45, ko 40 in akwai ciwon a gidansu, ya kamata ya je asibiti ya zauna da likita, ya ji amfanin gwajin da iyakarsa, ya yanke shawara, ya kuma tambayi lokacin da zai koma. Wanda kuwa ya riga ya fara ganin canji a fitsarinsa, ko jini, ko ciwon baya da ya ƙi tafiya, kome shekarunsa, kada ya bari wannan mako ya fita bai ga likita ba.